Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu ɗora bidiyo da Hausa: ku tuna da mai sabis sanda ɗaya

Zuwa ga masu watsa tafsiri da wa'azi kai tsaye, da malaman da ke koyarwa ta bidiyo, da 'yan fim, da ƙannenmu masu gina manhajojin kallo.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ku da aiki, Allah ya ƙara basira. Ni ɗaya ne daga cikinku. Shekara da shekaru ni ke haɗa kyamara da makirufo a masallacin unguwarmu duk azumi, ni ke zama daga gefe da kwamfuta ina duba ko karatu yana fita. Abin da zan faɗa muku a kaina na fara ganinsa, shi ya sa na ga ya zama wajibi in rubuto.

Mahaifiyata tana zaune a ƙauyenmu, tafiyar kusan awa guda a babur daga Funtua. Ciwon gwiwa ya zaunar da ita. A masallacin da nake wa hidima mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya yi shekaru yana sauraren tafsiri, don haka ba ta son na ko'ina sai na nan. Na saya wa jikarta waya, na zuba mata data ta wata guda, na nuna mata inda za ta danna. Rana ta huɗu ga azumi yarinyar ta kira ni. Ta ce, "Baffa, Hajiya ta ce a tambaye ka, ko malam ba shi da lafiya ne? Mai jan baƙi zai ja aya, kafin malam ya fassara sai a yi shiru, sai can ya dawo yana wata magana daban." Ta ƙara da cewa datar ma ta kusa ƙarewa.

Malam lafiyarsa ƙalau. A kwamfutata hoto fes yake, har zaren rawaninsa ana gani. Ranar Juma'a na bar ƙanena a kan na'ura, na hau babur na tafi gida, na zauna a tabarma a ɗakin Hajiya. Ginin ƙasa ne, rufin kwano. Wayar an jingine ta da kwalbar man zafi a bakin taga, domin nan kaɗai sabis ke shigowa, shi ma sanda ɗaya, wani lokaci biyu. Na zauna ina kallon aikina da idon wanda na yi wa shi. Murya ta zo, ta tsinke, ɗan zoben nan ya hau juyawa a tsakiyar fuskar waya. Hajiya ba ta ko kallon wayar. Idonta a lumshe, carbi a hannu, kunne kawai ta miƙa. Duk sanda aka yi shiru sai yatsanta ya tsaya a kan carbin, tana jira.

Abin da nake roƙonku ke nan, kafin in shiga bayani: duk bidiyon da za ku saki, ku auna shi da wannan ɗakin. Kada ku auna shi da ofishinku ko situdiyonku inda wayfai ke gudu.

Sabis ɗin waya halinsa ɗaya da ruwan famfon gari. Ya zo da ƙarfi, ya koma ɗigo, ya ɗauke, ya dawo. Ƙarfen sabis guda duk jama'ar da ke ƙarƙashinsa ne ke raba shi, don haka bayan la'asar a azumi, ko bayan isha'i a sauran watanni, in kowa ya ɗauki wayarsa sai rabon kowa ya ragu. Nisa yana cin ƙarfinsa, katanga da kwano suna ci. Wanda ke cikin mota wayarsa sakin wannan ƙarfe take ta kama wancan. In man janareton ƙarfen ya ƙare, ko masu aikin hanya suka datse igiyar fayiba, ko aka yi ruwa mai ƙarfi ya raunana saƙon da ƙarafa ke harba wa juna ta iska, sai ka ga 4G ta koma 3G, 3G ta koma wannan harafin E da kowa ya san ma'anarsa. Ba mu ke da iko da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da ke hannunmu shi ne nauyin kayan da muke ɗora wa wannan hanya.

Lissafin ba shi da wuya. Bidiyon da ke jan megabit 1 a kowace daƙiƙa yana cin megabait 450 a awa (megabit 8 ne megabait 1, kilobit 1,000 kuma megabit 1). In megabit 4 ne, gigabait 1.8 ke nan a awa guda. In aka sauke shi zuwa kilobit 300, megabait 135. Murya tsantsa kuwa, a kilobit 32 tana fita garau, kuma ba ta kai megabait 15 a awa ba. Datar da mutum zai ƙona ya kalli awa ɗaya ta bidiyo mai megabit 4 za ta ishe shi sauraren murya na awa 125. In tafsiri awa biyu ne kullum, karatun azumi biyu ke nan har da saura. A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni ƙarin farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Mai sayen data ta ɗari biyu ko ta ɗari biyar ya ji wannan ƙarin a jikinsa, kuma shi ne mafi yawan masu kallonmu.

Bari in faɗi yadda bidiyo ke isa waya, domin da yawa daga cikinmu muna aikin ne ba tare da an taɓa zaunar da mu an yi mana bayani ba. Ba a turo shi dunƙule guda. Yanka shi ake gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa 'yan daƙiƙoƙi, kuma kowace an tanade ta da nauyi iri-iri, daga 144p mai dishi-dishi zuwa 1080p mai kyau tangaran. Waya takan duba saurin da gunduwar baya ta iso, sai ta zaɓi nauyin ta gaba. Kamfanin Apple ya fito da nasa tsarin, HLS, a 2009, sannan a 2012 aka fitar da na bai-ɗaya mai suna DASH. Wayar kuma tana da 'yar randa a cikinta inda take tara gunduwoyin da ba a kai ga kallo ba. Gidan da ke da babbar randa ba ya sanin an ɗauke ruwa na ɗan lokaci. Gidan da ke tara kofi a bakin famfo, da an ɗauke ya sani. Zoben nan da ke juyawa, randa ce ta ƙafe.

Da na koma Funtua na bi aikina ɗaya bayan ɗaya, sai na tarar da hannuna na fasa wa Hajiya randa. YouTube yana ba mai watsa shiri kai tsaye zaɓi uku na jinkiri: na yau da kullum, gajere, da gajere ƙwarai. Ni na zaɓi na ƙarshen don in riƙa ganin tambayoyin mutane nan take. Amma in jinkiri ya gajarta, wayar mai kallo ba ta da abin da za ta tara, domin abin da ba a faɗa ba tukuna ba a ajiye shi. Da sabis ya ɗan yi tangal-tangal sai shiru. Me zai ragu ga mai sauraren tafsiri a ƙauye in karatu ya iso masa bayan rabin minti? Babu. Na mayar da shi jinkiri na yau da kullum.

Na biyu ya fi wannan muni. Ina tura 1080p ta 'yar na'urar wayfai mai layi ɗaya. Na gwada ta da hantsi masallaci ba kowa, ta yi gudu, na yarda da ita. Ban yi tunanin cewa lokacin karatu mutum ɗaruruwa za su cika harabar, kowa da waya a aljihu, duk a kan ƙarfe ɗaya da ni ba. Kuma hanyar turawa sama a layin waya ta fi ta saukewa ƙunci tun asali. In abu ya tsinke daga wajen mai turawa, kowa ya tsinke wa, har mai fayiba a Abuja. Yanzu ina auna layin a lokacin da ya fi cunkoso, ba na ɗora masa fiye da rabin abin da na ga yana ɗauka. Na sauka zuwa 720p, ranar da sabis ya ƙi 480p. Manhajar OBS da yawancinmu ke amfani da ita tana da wurin da za ka kunna ta riƙa rage nauyi da kanta in hanya ta cushe, maimakon ta zubar da hoto. Na kunna. Na ajiye layi na biyu na wani kamfani daban. Kuma ina naɗar komai a kwamfuta, ko da an yanke a sami cikakke a ɗora da dare.

Na uku ban taɓa kawo shi a raina ba. Na'urar matse bidiyo ba ta aika cikakken hoto a kowane ƙiftawa. Takan aika cikakke jefi-jefi, tsakani kuma sai abin da ya canza kawai. Malami zaune, kyamara a kafe a kan ƙafafunta, leɓensa da hannunsa kaɗai ke motsi, wannan kaya ne mara nauyi. Ni kuwa na sa rubutu yana gudu a ƙasan hoto ba tsayawa, tambarin masallaci yana juyawa a kusurwa, fankar sama tana wulwulawa a bayan kan malam, haske kuma bai isa ba har hoton yana hatsi-hatsi. Wannan hatsin a wajen na'ura motsi ne, kowane ɗigo sai an biya masa data. In aka matse irin wannan hoton zuwa 240p sai fuskar malam ta dagule, domin ɗan abin da ake da shi ya tafi wajen fanka. Na cire rubutu mai gudu, na tsayar da tambari, na juya kyamara fanka ta fita, na ƙara ƙwai biyu na lantarki. Ko sisi ban ƙara wa kyamara ba, amma hoton ƙaramar waya ya fi na da kyau nesa ba kusa ba.

Akan ce gani ya kori ji. A aikinmu na karatu da wa'azi da darasi, ji ne gaba. Mutum zai jure hoto mai dishi-dishi awa biyu, ba zai jure murya mai yankewa minti biyar ba. Sai ga shi muna tara kuɗi mu sayi kyamara mai tsada, mu bar makirufon cikinta yana ɗaukar amsa-kuwwar lasifika da tarin jama'a da kukan janareto. Ku ja igiya daga na'urar sautin masallaci kai tsaye zuwa kwamfuta. Bayan an tashi kuma, ku cire muryar ita kaɗai ku sake ta a WhatsApp da Telegram, kowane zama da kwanan watansa da surar da aka karanta a jikin sunansa. Akwai tsarin matse murya mai suna Opus, tun 2012 aka tabbatar da shi, kyauta ne, da shi ake tura saƙon murya na WhatsApp. Karatun awa biyu a cikinsa bai kai nauyin 'yan mintoci na bidiyo ba. Masu bibiyarmu a Maraɗi da Damagaram, da direbobin da ke kwana a hanya, da mata a cikin gida da hannunsu ke cikin aiki, wannan suka fi buƙata.

Malamaina masu koyar da lissafi da kimiyya da ɗinki da gyaran waya, ku naku ɗalibin sai ya gani. To ku ɗauki darasinku ku buɗe shi a 240p a ƙaramar waya kafin ku sake shi. In ba ku iya karanta abin da kuka rubuta a allo ba, shi ma ba zai iya ba. Ku rubuta manya da alƙalami mai kauri, ku matso da kyamara, ku bar shafi ya tsaya cik na ɗan lokaci kafin ku sauya. Ku yanka darasin awa guda zuwa guntaye, don wanda datarsa ta ƙare a tsakiya ya san inda zai ɗora gobe.

'Yan fim, na san inda ke muku ƙaiƙayi. Kun kashe kuɗi kun shirya abu, washegari yana wajen masu turi a bakin kasuwa ana zuba wa mutane a memori da kuɗi kaɗan, ku ba ku ga komai ba. Zalunci ne, ban musa ba. Amma ku tambayi kanku me ya sa mutum zai taka har rumfar mai turi alhali abin yana YouTube kyauta. Domin abin da ke cikin memori ba ya tsayawa. Ya san abin da ya biya, ya san zai kalla har ƙarshe, ya kuma tura wa matarsa ta Xender ba tare da data ba. Mai turi ya fahimci sabis ɗin ƙasar nan fiye da yawancin manhajojinmu. Google ma ya taɓa fahimta: ya kawo YouTube Go Najeriya a 2017, manhajar da ke nuna maka megabait nawa bidiyo zai ci kafin ka danna, ta bar ka ka sauke, ta bar ka ka tura wa na kusa da kai. A 2022 aka rufe ta. Buƙatar da ta biya tana nan ba ta je ko'ina ba. Wanda ya samar wa mutane hanyar halal ta sauke fim da dare lokacin da hanya ta yi sauƙi, a farashin da ya yi daidai da na rumfa, ko ya jawo masu turin kansu su zama dillalansa da lasisi, shi zai ci kasuwar nan.

Sai ku ƙannena masu gina manhajoji. A kanku zan fi daɗewa, domin abin da kuka gina shi zai ɗaure ko ya kwance sauran.

Tsanin nauyin da kuke kwafowa daga littattafan koyarwa an tsara shi ne don ƙasashen da matakin ƙasa nasu ya fi matakin sama na ƙauyenmu. Ku ƙara matakai a ƙasa. A sami 240p, a sami 144p, a ƙarƙashinsu kuma a sami mataki na murya kaɗai da hoto ɗaya tsayayye, yadda in sabis ya faɗi warwas manhaja za ta saki hoto ta riƙe magana. Wannan ba sabon abu ba ne. Apple da kansa ya taɓa sharɗanta wa duk manhajar da ke watsa dogon bidiyo ta layin waya cewa sai ta tanadi matakin murya na kilobit 64. Ku fara kowane bidiyo daga ƙasa ku hau a hankali. Kada manhaja ta ga sabis ya yi kyau na daƙiƙa biyar ta yi tsalle zuwa sama, ta ƙafar da randa, ta faɗo. Ku sa ta riƙa duba yawan abin da ke cikin randar kafin ta yanke shawara, domin saurin da ta auna yanzu ba shi za ta samu an jima ba. Wannan hawan ne ma ya cinye datar Hajiya: duk sanda sabis ya ɗan buɗe sai wayar ta jawo hoto mai nauyi, ga wadda idonta ke lumshe. Ku bar mai kallo ya sa iyaka da kansa, ku rubuta masa da Hausa, ku gaya masa da megabait, domin 360p ba ta nufin komai a wajensa amma ya san abin da megabait 100 ke nufi a aljihunsa.

Ku kashe bidiyo mai kunna kansa. Ku sa saukewa ta ɗora daga inda ta tsinke, domin babu abin da ke ƙona rai kamar a kai kashi 90 a koma farko. Kada ku matse kowane bidiyo da ma'auni ɗaya. Netflix ya bayyana tun 2015 cewa kowane fim da nasa ma'aunin yake matse shi, saboda zane mai motsi da fim ɗin faɗa ba nauyinsu ɗaya ba. Malami a zaune shi ne mafi sauƙin duka. Game da sababbin hanyoyin matsewa kuma ku yi hattara. AV1 da aka fitar a 2018 ta fi H.264 ta 2003 rage nauyi ƙwarai, amma yawancin wayoyi masu araha da ke hannun mutanenmu ba su da ɓangaren da ke warware ta kai tsaye, sai wayar ta yi zafi, batir ya zube, mutumin da ke biyan kuɗin caji a shago ya ƙara asara. Ku ba wayar da za ta iya, ku bar wa sauran H.264.

Akwai kuma abin da ke ƙarƙashin duk wannan. Tsohuwar ƙa'idar jigilar bayanai ta intanet, TCP, an gina ta ne a kan zaton cewa in wani ɗan ƙunshin bayanai ya ɓace a hanya to cunkoso ne, don haka sai ta rage gudu. A layin waya kuwa ƙunshi kan ɓace don mutum ya shiga ɗaki ko mota ta sha kwana, hanya kuma a buɗe take. Kamar direban da duk ramin da ya faɗa sai ya ɗauka shingen bincike ne ya taka burki. An samu gyara: Google ya fito da BBR a 2016, mai auna ainihin faɗin hanya, sannan a 2021 aka tabbatar da QUIC, wadda ɓatan ƙunshi ɗaya ba ya tsayar da sauran jigila, kuma tana iya riƙe haɗi ko waya ta sauya daga wayfai zuwa layi. In za ku ɗauki hayar masu rarraba muku bidiyo, ku tambaye su ko suna da waɗannan.

Ku kuma tambaye su ina rumbunsu yake. Ɗan tireda a Funtua ba ya zuwa Legas don buhun sukari ɗaya, Kasuwar Singa yake zuwa. Fim ɗin da aka ɗauka a Kano, masu kallonsa a Kano da Katsina, bai kamata kowace gunduwa sai ta ƙetare teku ta dawo ba. Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, muka ga yadda abubuwa suka tsaya. Abin da ke ajiye a cikin gida shi ya fi tsira a irin wannan rana. Cibiyar musayar intanet ta Najeriya, IXPN, tana da mahaɗa a Kano. Ku nemi sanin yadda za ku kusanto da kayanku can.

In kun gama gini, kada ku gwada a babbar wayarku. Ku sayi irin wadda ake sayarwa mafi araha a Farm Centre, ku shiga da ita tsakiyar Kantin Kwari da azahar, ku hau motar haya daga Kano zuwa Katsina kuna kallo, ku kwana a ƙauye. Abin da za ku ƙirga shi ne sau nawa bidiyo ya tsaya a awa, da daƙiƙa nawa ya ɗauka kafin ya fara. Wani bincike da Krishnan da Sitaraman suka fitar a 2012, daga bayanan miliyoyin masu kallo, ya nuna mutane na fara watsewa in bidiyo ya wuce daƙiƙa 2 bai tashi ba, kuma kowace daƙiƙa da ta ƙaru tana ƙara masu tafiya da kashi 5.8 cikin ɗari. Binciken ya kuma nuna masu kallo ta layin waya sun fi kowa haƙuri. Wannan haƙurin na mutanenmu shi ke rufe mana ido. Ba sa rubuto ƙorafi. Cewa suke sabis ne, su ajiye waya, mu kuma mu ɗauka aikinmu ba shi da aibu.

Wani zai ce rage nauyi koma baya ne, duniya tana maganar 4K mu muna maganar 144p. A watan Maris na 2020, da annobar korona ta kulle mutane a gida, Tarayyar Turai ta nemi manyan kamfanonin bidiyo su sassauta. Netflix ya rage nauyin da yake ɗora wa hanyoyin intanet na Turai da kusan kashi 25 cikin ɗari na tsawon kwana 30, YouTube ya mayar da matsakaicin hoto ya zama shi ne na farko. Masu fayiba har cikin ɗaki ke nan suka yi daidai ruwa daidai tsaki. Ba kuma cewa nake ku daina ɗora mai kyau ba. Mai hali ya kalli 1080p ɗinsa. Tsanin dai ya sauko har ƙasa.

Wani kuma zai ce gyaran na hukuma ne da kamfanonin layi. Da gaskiyarsa. Tsarin faɗaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya yi alkawarin megabit 25 a birane da megabit 10 a karkara. Wanda ya zauna a bakin tagar Hajiya ya san tazarar da ke tsakanin takarda da ɗaki. An kawo 5G a 2022, amma ƙauyenmu 4G mai tsayawa da ƙafafunta yake nema. Ya kamata mu haɗa baki, ƙungiyoyin 'yan fim da kwamitocin masallatai da masu fasaha, mu nemi jihohinmu su sauƙaƙa kuɗin shimfiɗa fayiba kamar yadda Kaduna ta yafe shi, mu nemi a hukunta masu datse igiya da satar batir tunda a 2024 an ayyana kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa, mu nemi a riƙa bayyana ingancin sabis ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. Sai dai wannan tafiya ce mai nisa. Mutanen Zamfara ma sun ga ranar da aka rufe layi gaba ɗaya a watan Satumban 2021 saboda matsalar tsaro, aka yi makonni abin da ke cikin memori kaɗai ake da shi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwamitocin masallatai, kada ku bari sai daren ɗaya ga azumi ku kira yaron da ke haɗa na'ura. Ku ba shi kuɗin mota tun a Sha'aban ya je ƙauye mafi nisa da kuka san ana sauraronku, wani ya kunna masa gwaji daga masallaci, ya zauna ya ji da kunnensa. Ku saya masa igiyar sauti da layi na biyu kafin ku saya masa sabuwar kyamara. Ku kuma ɗora wa mutum ɗaya alhakin fitar da murya kowane dare kafin sahur.

A namu masallacin haka muke yi yanzu. Hajiya tana bin karatu kai tsaye in sabis ya yarda. Ranar da ya ƙi, jikarta takan fita bakin rijiya bayan tarawihi, inda ya fi kamawa, ta sauke muryar cikin 'yan mintoci, su saurara tare da hantsi.

Wassalamu alaikum.

Ɗan'uwanku,
mai kula da na'urar watsa karatu a wani masallaci a Funtua